Muhammad al-Kashinawi: Bakatsinen da ya kai lissafin taurari birnin Alƙahira

A shekarar 1154 ta Hijira, wato wajen 1741 Miladiyya, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na birnin a lokacin. Kafin rasuwarsa ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai da ke kusa da Azhar, ya kuma sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Sunan baƙon Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Bafulatani ne daga ƙasar Katsina, kuma abin da ya sa aka san shi a Masar shi ne ƙwarewarsa a lissafi da ilimin taurari.

Yau a makarantun firamare na Arewa yara kan haddace sunayen duniyoyi takwas da ke kewaya rana, da Turanci, kamar yadda ake haddace jadawalin sau. Da yawansu kan gama makaranta ba tare da an taɓa fita da su waje an nuna musu ko ɗaya daga cikin duniyoyin a sama ba, balle a faɗa musu cewa kusan shekara 300 da suka wuce wani mutumin ƙasarsu ya koyar da wannan fanni a ɗaya daga cikin manyan biranen ilimi na duniyar Musulmi.

Katsinan da ya tashi a cikinta

Al-Kashinawi ya yi ƙuruciyarsa da karatunsa a tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. A lokacin Katsina na cikin ganiyarta ta kasuwanci. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da biranen hamada, ɗauke da gishiri da tufafi da takarda da littattafai, su koma da fatu da sauran hajojin ƙasar Hausa.

Birnin ya daɗe da yin suna wajen ilimi. Shehu al-Magili ya ziyarce shi a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Hasumiyar Gobarau, wadda har yanzu take tsaye, ta riga ta tsufa kafin a haifi al-Kashinawi.

Cikin laƙubban da ake haɗawa da sunansa akwai al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Kalmar al-Kashinawi kuwa daga Kashina take, yadda marubutan Larabci ke rubuta sunan Katsina.

Yawancin abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, ɗan mai masaukinsa. An haifi Abdurrahman fiye da shekara goma bayan rasuwar malamin, amma ya tashi a gidan da littattafansa suke, ya kuma ba shi gurbi a babban littafinsa na tarihi, Aja'ibul Asar, a cikin jerin malaman da suka rasu a wancan zamani.

Ɗalibin da aka yi wa laƙabi biyu

Kamar kowane ɗalibin zaure, da harshe ya fara. Ya haddace Muƙamar Hariri, littafin nan mai babi 50 da ɗaliban Larabci ke fama da kalmominsa har yau. Haddar ta zauna masa sosai, ta yadda idan aka ambaci kalma guda daga cikin littafin zai kawo abin da ya gabace ta nan take. Saboda haka aka riƙa kiransa mai Muƙama.

Malamin da ya buɗe masa ƙofar karatu shi ne Shehu Muhammad Fudu. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanyar tafiya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Da ya ƙware, malamin ya koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci na birnin Basra da ya rayu a ƙarni na 8.

Ya kuma yi karatu a wajen Shehu Muhammad al-Wali ɗan Sulaiman, malamin tauhidi da ake dangantawa da Borno da Bagarmi, da kuma wani malami mai suna Shehu Hashim.

Wanda ya sa shi a hanyar da ta kai shi ga shahara shi ne Shehu Muhammad Bindu. A wajensa ya koyi hisabi, da ilimin haruffa, da ilimin wafaƙi, wato zanen hatimi, da kuma ilimin miƙati bisa tsarin malaman Magrib.

Miƙati fanni ne na sanin lokaci ta hanyar duban sama. Kafin zuwan agogo da kalanda, mai wannan ilimi ne ke auna inuwa ya ce rana ta yi zawali ko La'asar ta shiga. Shi ke gane alƙibla a garin da babu tsohon masallaci, ya lissafa daren da za a fita duban jinjirin wata, ya kuma faɗa wa matafiya saura nawa gari ya waye ta wurin kallon tauraron da ya hau tsakiyar sama. Aiki ne da al'umma ke buƙata kullum, sau biyar a rana.

Hanyar gabas

Sunayen malamansa sun nuna inda ɗaliban ƙasar Hausa ke fuskanta a wancan zamani: gabas, wajen Borno. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin zuwa can ta bi ta ƙasashen da Kogin Haɗeja ke ratsawa. Kogin yana gangarawa gabas, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. A kusa da wannan kogi Birnin Gazargamu yake, fadar sarakunan Borno.

A zamanin al-Kashinawi ba a kafa masarautar Haɗeja irin ta yau ba tukuna, don sai a farkon ƙarni na 19 aka yi haka. Abin da ke yankin ƙananan sarautu ne irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗeja kanta, waɗanda ke biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Fatake da almajirai da mahajjata duk suna ratsa wannan yanki.

Al-Kashinawi ya ɗauki haramar aikin Hajji irin ta mutanen da, wadda kan ci shekaru. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya zauna wata biyar yana ɗaukar karatu a wajen wani malami kafin ya ci gaba. Al-Jabarti ya ce ya rubuta labarin wannan tafiya da abin da ya gamu da shi a cikinta.

Ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730, sannan ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara rubuta littafinsa mafi girma, Ad-Durrul Manzum, a kan ilimin taurari da ɗalasimai. Ya gina shi ne a kan wani tsohon littafi, As-Sirrul Maktum, wanda ake dangantawa da Fakhruddin ar-Razi da ya rasu a 1210. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da kammalawa, ya kuma gama shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, ƙarshen 1733 ke nan ko farkon 1734.

A tsakanin waɗannan shekaru, wajen 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da hatimi. Yana da waƙe a fannin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wanda shi da kansa ya yi wa dogon sharhi, da kuma littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

Samaniyar da ya sani

Hoton sama da al-Kashinawi ya gada daga malamansa ya bambanta da wanda ke manne a bangon aji a yau. A wancan tsari ƙasa ce a tsakiya, taurari bakwai masu tafiya suna kewaya ta, kowanne a falakinsa. Mafi kusa shi ne Wata, sai Uɗarid, sai Zuhura, sai Rana, sai Mirrihi, sai Mushtari, sai Zuhal a can ƙarshe. Bayansu sai taurarin da ba sa sauya mazauni a tsakaninsu.

Biyar daga cikin bakwai ɗin su ne duniyoyin da littattafan makaranta ke kira Makyuri da Binus da Mas da Jufita da Satun. Duk biyar ana ganinsu da ido ba tare da wata na'ura ba, shi ya sa mutanen da suka san su tun dubban shekaru.

An jera su ne bisa saurin tafiyarsu a tsakanin sauran taurari, kuma awon da aka yi na gaskiya ne. Wata kan zagayo cikin kwana 27 da 'yan kai. Mirrihi kan ɗauki kusan shekara biyu, Mushtari kusan shekara 12, Zuhal kuwa kusan 30. Masana sun yi hasashen cewa wanda ya fi jinkiri shi ya fi nisa, kuma a kan waɗannan ukun na ƙarshe sun dace.

An raba wa bakwai ɗin ranakun mako. Lahadi ta Rana ce, Litinin ta Wata, Talata ta Mirrihi, Laraba ta Uɗarid, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, Asabar ta Zuhal.

A Turai, Kofanikus ya wallafa littafinsa a 1543 inda ya sa rana a tsakiya, Galileyo kuma ya ɗaga na'urar hangen nesa zuwa sama a 1609, ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari a farkon 1610. Sabon tsarin ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya shiga zaurukan karatu na Alƙahira da Makka, inda tsohon lissafi ke biyan buƙatar sanin lokacin salla da alƙibla ba tare da matsala ba.

Duniya ta bakwai daga rana, Yuranus, sai a 1781 William Herschel ya gano ta a Ingila, shekara 40 bayan rasuwar al-Kashinawi. An gano Neftun a 1846. Fuluto da aka gano a 1930 an cire ta daga jerin manyan duniyoyi a 2006, abin da ya mayar da adadin takwas.

Hatimi a matsayin lissafi

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa a wajen masana lissafi na yau shi ne aikinsa a kan hatimi. Duk wanda ya taɓa ganin allon malami ko cikin laya ya san siffarsa: murabba'i da aka raba gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi.

Ƙa'idarsa ta lissafi ita ce a zuba lambobi a jere, ba maimaici, ta yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla ɗaya za a samu.

Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku. Layin sama 8 da 1 da 6, na tsakiya 3 da 5 da 7, na ƙasa 4 da 9 da 2. Ta ko'ina aka tara, 15 za a samu.

A al'adar da ya gada, an haɗa kowane hatimi da ɗaya daga cikin taurari bakwai. A tsarin da ya fi yaɗuwa, mai uku-uku na Zuhal ne. Mai huɗu-huɗu, da jimillar 34, na Mushtari. Mai biyar-biyar, 65, na Mirrihi. Mai shida-shida, 111, na Rana. Mai bakwai-bakwai, 175, na Zuhura. Mai takwas-takwas, 260, na Uɗarid. Mai tara-tara, wanda ke da gida 81 da jimillar 369, na Wata.

Cike gida 81 ta hanyar gwaji da kuskure zai iya cinye wa mutum watanni bai dace ba. Abin da Bahjatul Afaƙ ya bayar shi ne dabarun da za a bi mataki-mataki a cike hatimi mai gidaje mara, wato uku ko biyar ko bakwai zuwa sama, komai girmansa. Wannan shi masana kwamfuta ke nema a yau idan sun zauna tsara umarni: ƙa'ida guda da za ta yi aiki a kan ƙaramin abu da babba.

A cikin littafin ya ja hankalin ɗalibi da kada ya karaya idan lissafi ya ƙi fita, ya nuna cewa naci da maimaitawa ne ke kai mutum ga ƙwarewa a wannan fanni.

A gidan al-Jabarti

Alƙahirar da ya sauka a cikinta tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A Azhar an ware wa ɗalibai baƙi masaukai bisa ƙasashensu, har da na mutanen Borno. Dangin al-Jabarti, waɗanda asalinsu daga yankin Habasha ne, su ke shugabantar masaukin mutanen Jabarti tun kakanni.

Shehu Hasan al-Jabarti, wanda aka haifa a 1698 ya rasu a 1774, malamin fiƙihun Hanafiyya ne, amma an fi saninsa da falaki da handasa. Gidansa cike yake da littattafai da kayan awon sama, kuma gwani ne wajen zana agogon inuwa a kan dutse. Ɗalibai daga ƙasashe daban-daban na zuwa wajensa.

Wannan mutum ne ya sauki al-Kashinawi a gidansa, ya kuma zauna gabansa ya koyi ilimin wafaƙi. Malamin da ya yi karatunsa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya zo da abin da babban masanin falakin Masar ya ga yana buƙatar koya. Zaman nasu ya ɗore har rasuwar baƙon.

Irin ƙarancin masu wannan ilimi a birnin ya fito fili 'yan shekaru bayan haka. Al-Jabarti ya ba da labarin wani gwamnan Usmaniyya, Ahmad Fasha, da ya zo Masar yana neman malaman da zai tattauna lissafi da falaki da su. Manyan shehunan Azhar suka nuna masa ba fanninsu ba ne, aka tura shi wajen Shehu Hasan, ya zama ɗalibinsa, har ya zana agogunan inuwa da aka kafa a wasu masallatai.

Tsakanin falaki da duba

Ba duk abin da ke cikin littattafansa ne malamai suka amince da shi ba. Ad-Durrul Manzum ya ƙunshi ɗalasimai da maganar tasirin taurari a kan al'amuran mutane, kuma shi kansa marubucin ya nemi a riƙe irin wannan ilimi a asirce. An buga littafin a Alƙahira a 1961, ya kuma shiga hannun masu duba da masu rubutun asiri a ƙasashe da dama.

Tun kafin zamaninsa malaman Musulunci suka raba abin gida biyu. Akwai ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da yanayin shekara da shi, kuma an yarda da koyonsa. Akwai kuma da'awar sanin gaibu ko ƙaddarar mutum ta hanyar taurari, wadda jumhurun malamai suka hana. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani yana rushe ta. A ƙasar Hausa ma malaman jihadin Sakkwato sun yaƙi duba da bokanci, alhali suna koyar da hisabi don rabon gado da sanin lokaci.

Kimiyyar zamani ta zo ta tsaya a wuri guda da su a wannan gaɓa. Babu wata hujja da ta nuna cewa matsayin Zuhal a daren haihuwar mutum na da alaƙa da arzikinsa, ko cewa lambobi a cikin murabba'i na warkar da cuta. Amma jimillar 369 a hatimin tara-tara tana nan daram, kuma dabarun cike shi suna aiki yau kamar yadda suka yi a 1732.

Wannan rabewa na da muhimmanci ga iyaye da malaman makaranta. Wasu kan ƙyamaci duk wata magana ta taurari saboda tsoron faɗawa cikin duba, sai yaro ya tashi bai san komai game da saman da ke kansa ba. Tarihin al-Kashinawi ya nuna ɓangarorin biyu a rayuwar mutum ɗaya, ya kuma sauƙaƙa gane wanda ya cancanci a miƙa wa yara.

Yadda sunansa ya dawo

Bayan rasuwarsa littattafansa sun watsu a ɗakunan karatu na Masar da wasu ƙasashe. Kwafin Bahjatul Afaƙ ya kai har Landan.

A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya wallafa nazari a kan aikinsa a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Ibadan. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta fitar da littafinta Africa Counts a kan lissafi a al'adun Afirka, ta kuma yi bayanin hatiminsa a ciki. Masanin tarihi Ahmad Kani ya yi rubutu a kansa cikin nazarinsa na lissafi a wannan yanki kafin zuwan Turawa, haka ma Jacques Sesiano, masanin tarihin lissafi a Suwizalan.

Ta hanyar littafin Zaslavsky sunan Muhammad ɗan Muhammad ya shiga kayan koyar da lissafi na yara a ƙasashen waje, inda ake ba su murabba'i su cike a matsayin wasa. A Katsina da Kano da Haɗeja kuwa, ɗalibai kaɗan ne suka taɓa jin sunansa a aji.

Abin da yaro zai iya yi da hannunsa

Ilimin da ya yi wa hidima bai ɓace daga ƙasar Hausa ba. Har yanzu akwai malaman zaure da tsofaffin manoma da ke lissafin shekara da manzilolin taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimilla 365. A bakinsu ake jin sunaye irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa idan damina ta kankama. Manomin shinkafa a fadamar Haɗeja da masuncin da ke jiran cikar kogi da janyewarsa sun daɗe suna haɗa aikinsu da irin wannan lissafi.

Yara ma suna da nasu sunayen. Sun san Kaza da 'Ya'yanta. Sun san Zara matar wata da ke fitowa bayan Magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Darasi na farko shi ne a gaya musu cewa Zara da Gamzaki abu guda ne, duniyar Zuhura, wadda ke kewaya rana a cikin da'irar da ta fi tamu ƙanƙanta. Shi ya sa ba ta nisa da rana: wasu watanni ta biyo bayanta da yamma, wasu watanni ta riga ta fitowa da safe, kuma ba a ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare.

Darasi na biyu ana yinsa a ƙasa da tsinke. A zana gida tara. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ta hau gida ɗaya sama, ta matsa gida ɗaya dama. Idan ta fita ta sama, ta shigo ta ƙasan wannan layi. Idan ta fita ta dama, ta shigo ta hagu. Idan gidan da za ta shiga da mai shi, ko ta fita ta kusurwa, sai a ajiye ta a ƙarƙashin lambar da aka rubuta ta ƙarshe. Wannan na ɗaya daga cikin sanannun dabarun cike hatimi mai gidaje mara. Yaron da ya iya ta a gida tara zai iya ta a gida 25, kuma yana yi yana koyon tarawa, yana riƙe sunan Zuhal da Mirrihi.

Darasi na uku yana buƙatar fili, kuma fadama bayan girbi ta wadatar. A ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin rana. A wannan ma'auni duniyarmu ba ta wuce ƙwayar gero ba, kuma za a ajiye ta mita 24 daga ƙwallon. Uɗarid, kamar ƙwayar yashi, yana mita 9. Zuhura, ita ma kamar gero, tana mita 17. Mirrihi yana mita 36. Mushtari, wanda za a iya mulmulawa da yumɓun bakin kogi daidai girman ƙaramin goro, yana mita 123. Zuhal, ƙasa da shi kaɗan, yana mita 226. Yuranus da Neftun, kowace kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya tana mita 454, ɗayar tana wajen mita 710.

Yaron da aka ba gyaɗar Neftun ya yi tafiyar kusan minti goma, ya waiwayo ya kasa hango ƙwallon, ya fahimci girman sararin da ke tsakanin duniyoyi fiye da yadda zanen littafi zai nuna masa. Wata kuwa, a wannan ma'auni, ɗigo ne da ke nesa da ƙwayar geron da santimita 6 kacal.

Da fitilar hannu da lemo da ƙwallo a ɗaki mai duhu za a iya nuna yadda wata ke girma yana raguwa, da yadda husufi ke faruwa idan rana da duniya da wata suka daidaita a layi guda. Manya da dama a Katsina da Gusau da Maraɗi na tune da ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da wata ya rufe rana ruf, gari ya yi duhu da hantsi. Masana falaki sun faɗi ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, da irin lissafin da al-Kashinawi ya fara koya a gaban Shehu Muhammad Bindu.

Duk waɗannan darussa ba sa buƙatar wutar lantarki ko kuɗin sayen kaya. Suna buƙatar malami ko uba ko uwa da za su ware yamma guda, su fita da yara bayan Magariba, su fuskanci yamma, su nuna musu Zara idan lokacin fitowarta ne, sannan su faɗa musu sunan Bakatsinen da babban masanin falakin Masar ya zauna gabansa yana ɗaukar karatu.